Giga Goma da Furar Litinin

Wani ne a nan Gusau, can Sabon Gari, yana da ɗan shagon haɗa bidiyon biki. Kada ku tambaye ni sunansa. Salisu, na ga bakinka na motsi, ba zan faɗa ba. Mutumin yana da dangi, wasunsu ma a teburin nan suke shan shayi. Ku dai riƙe cewa tuzuru ne, mai tsafta, mai sallah a kan lokaci, ba ya faɗa da kowa. Matsalarsa ɗaya ce, za ku ji ta.

Shagon nasa ɗaki biyu ne. A gaba akwai ƙaramar kwamfuta ta karɓar aiki, da benci na baƙi. A ciki, bayan labule, akwai babbar da yake yanka bidiyo yana haɗawa. Tsakaninsu wata doguwar waya ce ruwan toka ta bi bango, ta shiga wani ɗan akwatin roba mai fitilu, wanda masu aikin ke ce wa suwic. Duk abin da aka kawo a gaba sai ya bi wayar nan, ya ratsa akwatin, sannan ya isa ciki. To akwatin nan gwanjo ne, tun ana yayin faifai ya saye shi. In ka tura bidiyon biki da hantsi, sai a kira Azahar yana nan yana jan ciki.

Me ka ce, Umar? Don me bai ɗauki katin kamarar da bidiyon ke ciki ya shiga ɗaki ya soka a babbar ba? Umar, da yana da irin wannan tunanin, ai da yanzu labarin wani muke yi. Bar ni in ci gaba.

Akwai wata yarinya Aziza, 'yar Bungudu, mai ɗaukar bidiyon cikin gida. Kun san sha'anin mata, kamu da wuni da buɗar kai, inda namiji in ya shiga da kamara sai dai a fito da shi da takalma a ka. To ita ce mai shiga. Ta yi ta ɗauka ƙarshen mako, ranar Litinin ta biyo motar wani ɗan uwanta da ke kawo fasinja Gusau. Ya sauke ta da hantsi, shi kuma ba ya juyawa sai bayan Azahar. Ta miƙa wa mutuminmu katin kamara, ta zauna a benci tana jiran a kwashe, don da katinta za ta koma. Ba mai zargin komai. Aiki ta kawo, aiki take jira.

Shi kuwa sonta yake. So na gaske, irin mai hana mutum gama tuwonsa. Amma bakinsa da akwatinsa uwarsu ɗaya. Ba ya iya magana sai ya yi ɗumi.

Da ta zauna sai ya fara.

"Ina kwana, Aziza?"

"Lafiya lau, Malam."

"Ina gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya hanya? Ya su Inna? Ya Baba da ƙafa? Ya mutanen Bungudu? An samu ruwa kuwa? Ya muka ji da zafi? Ya muka ji da fetur?"

Sai ya gaishe da Bungudu gida gida, har ƙauyen Kekun Waje yake leƙawa. In ya gama, ya tsallaka titi wurin Inna Hajjo mai fura, ya damo mata da nono mai kauri. Daga nan sai shiru. Su biyu su zuba wa ɗan koren layin nan mai nuna tafiyar aiki ido yana rarrafe a kan allo. Can idan layin ya kusa ƙurewa, sai zuciyarsa ta cika, ya yi gyaran murya.

"Aziza."

"Na'am, Malam."

"Dama..."

"Ina ji."

"Dama akwai wata..."

Sai kwamfuta ta ce tin. An gama. Aziza ta ɗan tsaya tana kallonsa. Shi kuma ya zare kati ya miƙa mata da hannu biyu, ya ce, "A gaida gida."

Kada ku raina masa, yana ci gaba. Kowace Litinin yakan ƙara 'yar kalma. Cikin shekara guda ya kai "Dama akwai wata magana da nake so in." A lissafinsa, in Allah ya ba da rai, kafin babbar Sallah zai kai ƙarshen zancen.

Ana nan, wata Litinin aka yi zafi na fitar hankali, ga shi an ɗauke wuta, janaretan kuma ba ya ɗaukar fanka. Aziza na fifita da bakin mayafi, ta ce, "Malam, akwatin nan naka fa ya tsufa. Na ga wani wuri a Kaduna, nan da nan ake yi."

Ita da wasa ta faɗa. Sai ga Tukur a bakin ƙofa. Tukur maƙwabcinsa ne, shago na jingine da shago, mai sayar da atamfa da leshi. Mutum ne da bakinsa ba ya jiran zuciyarsa, kafin ya yi tunani ya riga ya faɗa.

Ya ce, "Hajiya, ai shagon nan in kika kawo bidiyon biki, ki zauna kawai, a nan za ki karɓi na suna."

Aziza ta yi dariya har da rufe fuska.

Dariyar nan ta ƙone mutuminmu. Ya wuni bai ci abinci ba. Ya ce a ransa, ashe abin da ke zubar mini da daraja ke nan. Wace mace ce za ta saurari mai akwati irin wannan? Bai ga laifin bakinsa ba ko kaɗan, ya ɗora wa roba.

Washegari ya kira Bashar. Bashar shi ne mai ja wa ofisoshi wayar kwamfuta a garin nan, mutum ne da ya fi son aikinsa a kan mutane. Ya zo ya ɗaga akwatin da yatsa biyu, ya juya shi, ya hure ƙura.

"Malam, wannan gudunsa mega ɗari ne. Duniya ta wuce giga ɗaya ma tuni. Yanzu akwai giga biyu da rabi, akwai biyar, akwai goma."

"Wanne ya fi gudu?"

"Goma. Amma kai biyu da rabi ya ishe ka har ya yi yawa."

"Babu sha ɗaya?"

"Babu."

"To sa goma. In sha ɗaya ya fito ka kira ni."

Bashar ya ce to sai dai fa komai zai tashi. Akwati sabo, waya sabuwa mai kauri, katin haɗin waya da ke cikin kwamfutocin biyu sai an canza, har ma'ajiyar da ake zuba bidiyon, don in ɗaya ya yi nawa duk sauran sai su jira shi.

Mutuminmu ya ce, "Canza. Har bangon in yana rage gudu, rushe."

Babur ɗinsa ya sayar. Babur ɗin da yake wanke wa taya da buroshin haƙori.

Da aka gama, Bashar ya gwada, abu ya wuce kamar ba a tura komai ba. Wani zai ce alhamdu lillahi ya tsaya nan. Shi a'a. Ya ce, "Ina so duk wanda ya zauna a bencin nan ya gani da idonsa." Aka kafa ƙaton allon talabijin a bango, yana nuna koren layin da hotunan da ke shiga. Ya ce, "Ina so in an gama, Tukur ya ji." Aka ɗaura lasifika a bakin ƙofa, irin ta masu tallan magani. Ya ce, "In an ɗauke wuta fa?" Aka jera batura.

Tsohon akwati da tsohuwar waya kuwa, ya tsayar da wani ɗan gwangwan mai tura kura, ya ce ɗauka, kyauta. Har da ɗan shuri ya bi akwatin da shi.

Litinin ta zo. Mutuminmu ya sha sabuwar shadda, ya kafa hula, ya yi wanka da turare. Ya sa Inna Hajjo ta dama fura a babban kwano, ya ƙara da gasasshiyar kaza. Ya riga ya yanke, yau zai nuna mata gudu, sannan a natse ya ƙarasa maganarsa.

Aziza ta yi sallama. Ta ga allo, ta ga sabuwar shuɗiyar waya, ta ga shadda. Ta miƙa kati. Ya karɓa, ya soka da yanga, ya danna, ya juyo yana murmushi.

"Ina kwana, Aziza?"

"Lafiya lau, Malam."

"Ina gaji..."

Lasifika ta ce TIN. Awakin layin suka watse. Wani mai a-daidaita ya taka birki yana waige.

Aziza ko zama ba ta gama yi ba. Ta ce, "An gama?"

"An... an gama."

"Ma sha Allah. Gaskiya, Malam, ka yi ƙoƙari."

Ta tsaya da kati a hannu. Ta kalli benci, ta kalli kwanon fura, ta kalle shi. Shi kuma baki bai yi ɗumi ba, ko su Inna bai kai ga gaisarwa ba, balle "dama". Kuma kun san garin nan. Budurwa ba ta zama a shagon tuzuru ba dalili. Da can nawar akwatin ce dalilinta. Yau ga lasifika ta shaida wa duk layin cewa aiki ya ƙare. Inna Hajjo daga tsallaken titi ta daina dama fura, ta zubo ido.

Aziza ta ce, "To, sai wani satin."

Ta fita. Ga rana, ga mota ba ta juyawa sai bayan Azahar. Tana tsaye tana neman inuwa, sai Tukur ya leƙo.

"Hajiya, shigo ki ga sababbin atamfofi. Ba sai kin saya ba, kallo kyauta ne."

Shagon atamfa kuwa, mace ta wuni a ciki ba mai ɗaga kai, ai zaɓe take yi. Mutuminmu ya zauna shi da kazarsa. Yana ci yana jin dariyarta ta bango. Ni da na sani, kazar nan ba ta yi masa daɗi ba, amma ya cinye ta.

Wani satin ya zo da dabara. Zai gama gaisuwa tukuna, sannan ya soka kati. Ya cire lasifikar, ya yafa wa allon zanin gado. Aziza ta zo, ko ciki ba ta shiga ba, daga bakin ƙofa ta miƙo hannu.

"Malam, sa katin tukuna. Tukur ya ce yau zai kwance sabuwar dila."

Ya sa. Ya yi shiru kamar ana aiki. Sai Inna Hajjo ta ɗaga murya daga tsallake. "Ɗan nan, yau ba mu ji ba. Ko ta lalace?"

Tukur ya amsa mata daga shagonsa, "Ina, Inna. Giga goma ce fa, tun ɗazu an gama."

Aziza ta karɓi katinta.

Daga nan mutuminmu ya shiga yaƙi da waya. Ya zauna ya yi tunani, ya ce ai abin nan kamar tiyon ban ruwa ne, in ka matse shi ruwa zai ragu. Ya ƙulla wayar. Ba ta ji ba. Ya ƙara ƙulli a kan ƙulli har ta koma kamar carbi. Ba ta ji ba. Ya aro turmin Inna Hajjo ya kifa a kai, ya hau ya zauna. Bidiyo ya wuce ta ƙarƙashinsa ko gaisuwa babu.

Ya ce to tafiyar ce ta yi kusa. Ya ƙaro waya, ya fitar da ita ta taga, ta hau rufi, ta zagaya darbejiyar bakin titi, ta bi ta bayan bandaki, ta dawo. Ran Litinin ya samu ya gama "Ina gajiya", har ya taɓa "Ya han". Ribar ke nan.

Ya ce bari in kashe wutar gaba ɗaya in ce an ɗauke. Ya kashe. Baturan da ya saya da kuɗin babur suka ɗauka ko ƙiftawa babu.

Sai ya koma wa Bashar.

"Bashar, so nake ka rage mata gudu."

"Ka ce me?"

"Ka rage. Ta cika sauri."

"Malam, ni a garin nan a ce aikina yana nawa? Na riga na turo mutane daga ofisoshi su zo su ga shagonka. Da sunana nake cin abinci."

"To ka rage ranar Litinin kawai. Daga hantsi zuwa Azahar. Sauran kwanakin ta yi gudunta."

Bashar ya dube shi sama da ƙasa. Ya ce, "Ba ni kake nema ba, likita kake nema. In rarrafe kake so, je ka nemo tsohon akwatinka. Amma kada ka ce ka san ni."

Mutuminmu ya bazama neman ɗan gwangwan. Ya same shi a bayan tasha. Ɗan gwangwan ya ce ai kayan ranar an loda su an kai Tsafe. Babur babu, sai ya hau bayan a-kori-kura, a kan buhunan masara, da shaddarsa. A Tsafe ya bi rumfunan 'yan tsofaffin kaya ɗaya ɗaya yana kwatance da hannu, ɗan akwati kaza, mai fitilu, da waya ruwan toka. Wani ya tuna. Ya ce wani tsoho ne daga ƙauyen Kucheri ya ɗauka, Baba Ɗantsoho.

Ya kama hanyar Kucheri.

Tun daga zaure ya hango wayarsa. An ɗaure akuya da ita a gindin turke. Akwatin kuma ga shi can an tokare ƙofar akurki da shi, kaji sun yi masa ado. Wallahi sai da idonsa ya kawo ruwa, kamar wanda ya ga ɗan uwansa a gidan yari.

Suka gaisa da tsoho. A nan kam ya samu daidai da shi, gaisuwar ta kai su har rana ta karkata. Sannan ya faɗi abin da ya kawo shi.

Baba Ɗantsoho ya girgiza kai. "Wagga igiya? Ba ni saida ta. Akuyar ga ta cinye ta rama, ta cinye ta leda, har zanen tsohuwa ta ci. Wagga ɗai ta gagare ta."

"Baba, aurena yana cikin igiyar nan."

Tsoho ya kalli igiya, ya kalli akuya, ya kalle shi. "Tau. Allah shi kyauta. Akuyata fa, in sake ta ta shiga gonar mutane don kai ka yi aure?"

"Zan kawo maka wadda ta fi ta. Shuɗiya, mai kauri, sabuwa."

"Akwatin kuma shi ka tare min ƙohwar akurki."

"Zan kawo na ƙarfe. Ya fi wannan nauyi."

"Kawo in gani."

Ya koma Gusau, ya warware shuɗiyar wayar daga darbejiya da rufi da bayan bandaki, ya cire sabon suwic, ya zuba a buhu, ya sake hawa a-kori-kura. Baba Ɗantsoho ya ɗaga akwatin ƙarfen ya auna nauyinsa a hannu, ya ja wayar da haƙori, ya ce ba laifi. Aka yi musaya. Ku rubuta ku ajiye, a duk jihar nan akuyar Kucheri ce dabbar farko da aka ɗaure da giga goma.

Wannan zirga-zirgar fa ba kwana biyu ta ci ba. Litinin nawa suka wuce, Aziza na zuwa, a ce tin, ta shige shagon Tukur. Har Inna Hajjo ta gaji, ta kira shi gefe.

"Ɗan nan, yarinyar ga ta ga atamfar da ta isa lefen gari guda, ko ƙyalle ba ta saya ba. Ka buɗe bakinka."

Ya ce, "Inna, ina kan gyara."

Da kansa ya haɗa tsohon akwatin, don Bashar ya rantse ba zai taɓa ba. Wayar duk shatin haƙorin akuya, ya bi ta da salatif. Ya kunna. Fitila ɗaya ta kama, sauran suka ƙi. Ya tura hoto guda don gwaji, ya tafi masallaci, ya dawo, ya tarar yana hanya. Ai sai ya rufe ƙofa ya taka rawa shi kaɗai. Ya yaye zanin gadon daga allo, don duk layin ya shaida da idonsa cewa aiki bai ƙare ba.

Litinin ta zo. Shadda, hula, turare, fura a babban kwano. Aziza ta yi sallama, ta miƙo kati daga bakin ƙofa kamar yadda ta saba yanzu. Ya soka, ya danna, ya juyo da murmushin da bai taɓa yi ba.

"Zauna, Aziza. Ta lalace."

Ta kalli allo. Koren layin ko motsi bai yi ba. Ta shigo ta zauna a bencinta na da. Ta ce, "Malam, aikin yau na daban ne, ina so in fara gaya maka..."

Ya ɗaga hannu. "Bari mu gaisa tukuna."

Ya jawo kujera ya zauna yana fuskantarta, ya ba allon baya. Ya fara daga "Ina kwana". Ya gaishe da Inna, ya gaishe da Baba da ƙafa, ya bi Bungudu gida gida, ya leƙa Kekun Waje, ya rama duk gaisuwar da giga goma ta cinye masa. Ya miƙa fura. Aka yi shiru irin na da, mai daɗi. Aka kira Azahar. Ɗan uwanta ya zo ya yi ta hon, ta ce ya tafi, za ta biyo wata motar, katinta na ciki. Aka kira La'asar. Layi ko rabi bai yi ba.

Bakin mutuminmu bai taɓa samun ɗumi irin na ranar ba. Ya yi gyaran murya.

"Aziza."

"Na'am, Malam."

"Dama akwai wata magana da nake so in..."

Ya tsaya, ya saurara. Ba tin. Gumi na bin hularsa.

"...in faɗa miki. Ina sonki. Da aure. In kin yarda, in turo magabatana Bungudu."

Ya faɗa fa, Salisu. Ya kai ƙarshe. Shi kansa sai da ya yi mamaki.

Ya dubi Aziza. Idonta ba a kansa yake ba, yana saman kansa. Ya jira. Ya ƙara jira. Sannan ya waiwaya.

A kan ƙaton allon, hoton farko ne ke saukowa a hankali, layi bayan layi, daga sama zuwa ƙasa. Hula ta riga ta fito, da goshi, da haƙora a waje. Tukur ne. A gefensa ga Aziza da ɗaurin kallabi, cikin atamfar sabuwar dila. Saboda nawar akwatin, hoton ya tsaya daidai kafaɗunsu, ya ƙi gaba ya ƙi baya, don mutuminmu ya gani da kyau.

Ta ce a hankali, "Abin da na so in gaya maka ke nan tun da safe. Hotunan kafin biki ne, ƙawata Lantana ta ɗauka. An sa rana. So muke ka haɗa mana bidiyon gayyata."

"Tukur?"

"Tukur."

"Na nan? Mai atamfa? Yaushe?"

"Ranar da lasifikarka ta kore ni. Kafin ya warware turmin farko ya faɗa."

"Ko gaisawa ba ku yi ba?"

"Daga baya muka gaisa."

Mutuminmu ya cire hula ya riƙe a hannu. "Amma Aziza, ni fa shekara guda..."

"Ni ma shekara guda ina zaman bencin nan, Malam. Kana ganin a Bungudu ba mu da fura ne?"

Nan ne abin ya shige shi. Ya ce, "Na sayar da babur ɗina. Na zauna a kan turmi. Na hau bayan a-kori-kura har Kucheri, na yi musaya da akuya. Duk a kan akwatin nan, duk saboda ke."

Aziza ta gyara mayafi. Ta kalli akwatin, da gashin kaza maƙale a jikinsa, fitila ɗaya na ƙyaftawa. Ta kalle shi da tausayi na gaske.

"Ayya, Malam. Ai akwatin ba shi da laifi. Bakinka ya kamata ka kai wa Bashar."